Katin da Malam Bulus Bai Sa wa Hannu Ba

Ranar Asabar da ta wuce wasu matasan malamai uku suka zo gidana a Damba, nan Gusau, wai sun ji ina da akwati cike da asalin kalmomin Turanci, suna son su gani. Na buɗe musu. Ɗayansu ya zaro kati, ya karanta, ya ciro wayarsa ya latsa, sannan ya ɗago kai yana murmushi ya ce, "Baba, ai ga shi nan, ko minti ɗaya ban yi ba. Ku shekara nawa kunka yi bisa wanga aiki?" Ban ba shi amsa ba, domin na san halina, in na buɗe baki ina cikin fushi ba na iya rufewa. Na mayar da katina, na sa aka kawo musu ruwa. Wannan da nake rubutawa ita ce amsar, in sun ga dama su karanta.

Sunana Lawali. Turanci na koyar, shekara talatin da biyar, yawancinsu a Tsafe. Amma a cikin koyarwar akwai wata sana'a da ba a rubuta ta a takardar ɗaukar aiki ba, ita ce bin sawun kalma. Turanci ba daga sama ya faɗo ba, yana da dangi: Jamusanci, da harshen mutanen Holan, da na mutanen Nowe da waɗanda ke kewaye da su a can arewacin Turai. Kakansu ɗaya. Aikinmu shi ne mu ɗauki kalma ɗaya, mu bi ta gida gida a cikin dangin nan, har mu ga inda ta fito da abin da take nufi tun asali.

Wanda ya koya mini shi ne Malam Bulus, mutumin Filato, Kirista, wanda ya zo Gusau koyarwa tun yana saurayi, garin ya karɓe shi ya zauna. Makarantar da aka fara tura ni, a can na same shi. Sati na biyu da zuwana, muna zaune a ɗakin malamai, ya nuna taga da baki ya ce, "Lawali, mene ne wancan da Turanci?" Na ce "window". Ya ce, "Daga ina ta zo?" Na ce daga Ingila mana. Ya yi dariya har da buga tebur, ya miƙo mini wani littafi mai ƙananan rubutu da madubin ƙara girman rubutu, ya ce in je in nemo. Kwana uku ina fama. Na tarar ashe baƙuwa ce a Ingila, tsoffin mutanen Nowe ne suka kai ta, su kuwa "vindauga" suke cewa, wato idon iska, ramin da ake bari a jikin ɗaki don iska ta shiga. Daɗi ya kama ni. Na ɗauki biro na rubuta a kati, na kai masa ina tafe ina taƙama.

Ya duba, ya ce, "Shaidu nawa ka gani?" Na ce littafin ne ya faɗa. Ya ce, "Ɗaya ke nan. Alƙalin garinku yana yanke hukunci da shaida ɗaya?" A gabana ya yaga katin gida biyu. Na ji haushi ƙwarai, har na yi kwana biyu ba na gaishe shi da kyau.

A ranar ya shimfiɗa mini dokokin aikin, kuma ba su da yawa. Abin da kake zato, da fensir ake rubuta shi, don gobe a iya gogewa. Biro sai abin da ka gani da idonka a harsuna uku: tsohon Turanci da biyu daga cikin danginsa. Ji a bakin wani ba shaida ba ne, tunawa ma ba shaida ba ce. In ka gama, wani ya sake bin sawun da kansa, ya sa hannu a kusurwar katin. Kafin wannan hannu na biyu, kalmar ba ta fita bakinka, ko a aji ko a taro. Yakan ce, "Malami ɗaya yana iya ɓatar da gari guda, tunda ba mai tashi ya ce masa ƙarya ne."

Kayan aikinmu ba abin a zo a gani ba ne. Katunan daga kwalin alli muke yanka su, wanda makaranta ta zubar. Reza don feƙe fensir. Akwatin ƙarfe, a ɗora shi kan bulo huɗu, domin gara ta taɓa cinye mana aikin shekara guda a damina ɗaya, daga harafin farko har na uku. Sai littattafai, su ne dukiyar. Da aka mayar da ni Tsafe, shi kuma aka kai shi Bungudu inda daga baya ya yi ritaya, sai muka raba su. Ya ba ni ƙanana biyu, ɗaya na asalin kalmomin Turanci, ɗaya na Jamusanci. Babban, mai yagaggen bango, wanda ke da tsoffin harsunan arewacin Turai, ya riƙe a wurinsa. Saboda haka shaida ta uku kullum tana Bungudu. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata nakan ɗaure katuna da roba, in hau mota Tsafe zuwa Gusau, in sake wata zuwa Bungudu. Matarsa, Mama Rahila, ta dafa mana gwate, faten mutanen Filato, mu baje littattafai a tabarma har la'asar. Waɗanda yake mayar mini sun fi waɗanda yake sa wa hannu yawa.

Masu neman aikinmu iri iri ne. Ɗalibai masu shiga muhawara, da malamai masu son burge aji. Wani fasto ya taɓa zuwa wurinmu yana son asalin kalmar "Lord" don wa'azinsa. Muka bi ta, muka tarar a tsohon Turanci mai tsaron burodi take nufi, wato maigidan da ke ciyar da mutanensa. Da farko ya ɓata fuska, wai abin ya yi ƙanƙanta. Bayan sati biyu ya aiko wa Malam Bulus da zakara.

Akwai kuma masu zuwa da amsarsu a aljihu, hatimi kawai suke nema. Wani Alhaji mai sayar da kayan roba a Tsafe ya tare ni a ƙofar makaranta ya ce, "Malam, ni dai so nikai ka hwaɗa wa duniya Turawan ga ɓarayi na. Bokiti namu na, sunka ɗauka sunka lanƙwasa." Na ce, "Alhaji, kahin Bature shi zo, da mi kakarka ka ɗibar ruwa?" Ya ce da tulu da ƙwarya. Na ce to. Bai sake gaishe ni ba sai bayan sallah. Wannan ita ce cutar da ta fi kama sabon shiga: ya ji kalma biyu sun yi kama, ya ɗaura musu zumunta. Kama da wane ba ta wane.

A hankali wani gidan rediyo a Gusau ya ba ni 'yan mintuna kowace Alhamis da yamma, in faɗi asalin kalma ɗaya. Shekara da shekaru ina yi, ban taɓa faɗin wadda ba ta da hannun Malam Bulus a kusurwa ba. Shi kuwa yana Bungudu da rediyonsa, ba ya fashin saurare.

Sai shekarar da ƙasa ta rikice. Ba sai na ba ɗan Zamfara labarinta ba. Hanyar Tsafe zuwa Gusau ta zama wadda mutum ke yin sallama da iyalinsa sosai kafin ya hau. Gonaki suka koma saura. Aka rufe makarantu, daga baya aka yanke layin waya gaba ɗaya, wayoyin da kuke taƙama da su suka koma fitila da agogo. Wata huɗu ban je Bungudu ba, ban ji muryar Malam Bulus ba. Katuna suka taru a akwati, duk da fensir.

A cikin wannan hali hedimastan wata firamare da ke wani ƙauye kusa da 'Yandoto ya zo wurina. Manoman ƙauyen da makiyayan da suka daɗe a gefensu sun daina gaisawa. Mutanen da iyayensu suka yi zaman nono da hatsi tare, yanzu kowa yana zargin kowa da kai wa 'yan bindiga rahoto daji. Dattawa sun shirya zaman sulhu a Tsafe. Ya ce, "Malam Lawali, kai mutane ka saurare ga rediyo. Ka zo ka hwaɗa muna wani abu bisa maƙwabtaka, ko zukata su yi sanyi." Kwana biyar ya ba ni.

Na yanki sabon kati, na rubuta "neighbour" a kai, wato maƙwabci. Littafina na farko ya ce a tsohon Turanci "neahgebur" ce, gaɓa biyu: ta farko kusa, ta biyu manomi. Na buɗe na Jamusanci, na ga "Nachbar", maƙwabci, na ga "Bauer", manomi. Shaidu biyu, bakinsu ɗaya: maƙwabci shi ne manomin da ke kusa da kai. Na ajiye fensir. Yaya zan tsaya gaban makiyaya a irin wannan rana in ce musu asalin maƙwabci manomi ne? Ai gara in yi shiru da in zuba fetur a wuta.

Shaida ta uku tana Bungudu. Na sani, kuma na san motoci suna tafiya, ba a daina gaba ɗaya ba. Sau biyu ina zuwa tasha da katin a aljihu. Ranar farko na tarar ana maganar motar da aka tare jiya, na juyo. Rana ta biyu har na sa ƙafa a mota, na sauko. Tsoro na ji, ba wani abu ba. Da na dawo gida na ce wa kaina, ai mutanen Nowe na da can makiyaya ne, ba mamaki a harshensu gaɓar nan makiyayi take nufi. Daga ba mamaki, kafin magariba ta zama lallai. Na ɗauki biro na rubuta a katin.

Ranar taron na miƙe a ƙarƙashin rumfa na ce, su kansu Turawa da suka tashi raɗa wa maƙwabci suna, a wani harshen nasu manomi na kusa suka ce, a wani kuma makiyayi na kusa, domin sun san ɗaya ba ya rayuwa sai da ɗaya. Aka ɗauki kabbara. Arɗon makiyayan, wani tsoho dogo, ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, ashe har Turawa sun san mu maƙwabta na. Allah shi biya ka." Wani ma'aikacin gidan rediyon yana wurin da na'urarsa, ya naɗa, aka sa a filina na Alhamis. Da mutane suka yaba, aka maimaita har sau uku.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. A duk shekarun da na yi ina faɗin gaskiya a rediyo ba a taɓa yaba mini haka ba.

Bayan an dawo da waya, saƙon farko da ya shigo mini daga Mama Rahila ne: Baba yana nemanka, ka zo da katin. Na je. Na tarar da kwalaye a tsakar gida, an kwance gado, an sauke labule. 'Ya'yansu sun matsa su koma Filato, ga rashin kwanciyar hankali, ga idon Malam Bulus ya yi rauni, sai dishi-dishi yake gani. Yana zaune kan kujerar roba, babban littafin yana kan cinyarsa. Muka gaisa a taƙaice.

Ya ce, "Na ji ka sau uku. A wane shafi ka ga makiyayi?"

Na ce, "Baba, hanya ta ɓaci, kun sani."

"Ban tambaye ka hanya ba. Wane shafi?"

Na ce ban gani ba.

"Da fensir ka rubuta ko da biro?"

Ya miƙo mini littafin da madubin ya ce, "Ni idona ya tafi. Buɗe ka karanta mini da ƙarfi."

Na buɗe, na bi da yatsa har na samu. A tsohon harshen mutanen Nowe "nabui" ce. Gaɓar farko kusa. Gaɓa ta biyu daga wata tsohuwar kalma take mai nufin zama a wuri, kafa gida. Littafin ya nuna ita ce uwar ta Turancin da ta Jamusancin duka. Ashe tun farko mazauni take nufi, daga baya ne aka riƙa kiran manomi da ita, don shi ne ke zaune a ƙauye. Maƙwabci shi ne duk wanda ya zauna kusa da kai, ko me yake yi, ko da garma ko da sanda. Na karanta har ƙarshe.

Malam Bulus ya ce, "Ka gani? Abin da kake nema yana nan yana jiranka, ya ma fi wanda ka ƙirƙira kyau. Da ka zo, da ka faɗa musu gaskiya, ta ɗauki manomi, ta ɗauki makiyayi, ta ɗauke ni ma da na zo daga Filato. In kuwa ba ka iya zuwa ba, sai ka ce musu ba ka gama bincike ba. Wannan ma magana ce."

Na ce, "Baba, don alheri niy yi."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ban yaga ba."

A nan tsakar gidan na yanki sabon kati, na rubuta shaidu uku da biro, na miƙa masa ya sa hannu. Ya karɓa, ya shafa shi da yatsa, ya sa a aljihun gaban rigarsa. Ya ce, "A rediyo ka faɗa, a rediyo za ka gyara. Ka ce da bakinka, ni Lawali na faɗi abin da ban gani ba, ga abin da ke daidai. Ranar da ka yi, ka kira ni. Ko da lalube ne zan sa hannu in aiko maka." Ya bar mini babban littafin. Washegari suka tafi.

To, ku matasa masu cewa aikin nan sauƙi gare shi, ga inda wuyarsa take. Nemo asalin kalma ba komai ba ne. Na dawo Tsafe da niyyar Alhamis mai zuwa zan gyara. Alhamis ta zo, na ce bari ƙura ta lafa, kada makiyaya su ji rabin magana su ɗauka an fitar da su daga maƙwabtaka. Wannan dalili ne na gaske, amma ba shi kaɗai ba ne. Mutane suna tare ni a hanya suna cewa ga Malam mai maƙwabci. Limamai suna kawo maganata a wa'azi. Ɗalibaina na da, waɗanda na tsawata wa a kan faɗin abin da ba su tabbatar ba, suna cikin masu saurare. Kunya ta riƙe mini baki. Na ci gaba da shirin da tsoffin katunan da ke da hannunsa, ina tsallake wancan.

Malam Bulus bai taɓa kirana ya tuna mini ba. Nakan kira shi lokacin Kirsimeti, ya kira ni da sallah, mu tambayi iyali, mu yi maganar ruwa da amfanin gona. Ba ya tambaya, ni ma ba na tayarwa. Sababbin katuna kuwa ba wanda zai duba, suna nan da fensir. Na yi ritaya, na dawo Damba, gidan rediyon ya zama tafiyar ɗan acaɓa ɗaya daga ƙofata, amma damina biyu suka wuce ban yi ba.

Abin da ya tayar da ni, wata rana na haɗu da hedimastan nan a Gusau, ya rame. Na tambaye shi ƙauyen. Ya ce, "Wane ƙauye? Kowa ya watse. Manoma na Tsahe cikin kangaye, Arɗo ya kora shanunai, ba mu san inda yat tahi ba." Sulhun bai kai girbi ba. Ban ce ƙaryata ce ta rushe shi ba, abin ya fi ƙarfin kalma ɗaya. Amma mutanen da na ce don su nake jinkiri, ba su nan balle su ji. Ba abin da ya rage ina karewa sai fuskata.

Alhamis ɗin da ta biyo na shiga ɗakin shirin na faɗa, yadda ya ce in faɗa, ban rage ko harafi ba. Na ambaci sunana, na ce na faɗi abin da ban gani ba, na karanta shaidu uku. Bai kai minti huɗu ba. Yarinyar da ke gabatar da shirin ba ta ma san tsohon zancen ba, ta ce an gode wa Baba, ta sa talla. Ba wanda ya kira, ba wanda ya tare ni a hanya. Abin da na shekara biyu ina tsoro ke nan.

Ina fitowa, tun a bakin ƙofa, na kira lambarsa. Mama Rahila ce ta ɗauka. Na gaishe ta da sauri na ce, "Mama, ku ba ni Baba, na gyara."

Ta ce, "Lawali, yau kwana tara da muka binne shi. Na rasa yadda zan gaya maka."

Na yi mata ta'aziyya, ban san abin da nake faɗa ba.

Ta ce, "Kowace Alhamis da yamma sai ya sa a kawo masa rediyo, ya yi ta murɗawa yana neman Gusau. Na ce masa tashar ba ta kawowa nan, sai shuuu kawai. Ya ce a bar masa. Akwai wani kati a aljihun rigarsa, da biro a maƙale. Duk rigar da ya sa sai an mayar masa da su. In aiko maka?"

Na ce, "Ya sa hannu?"

Ta ce, "A'a. Ka san Babanka."